Cinikin Ƙarƙashin Ƙasa

Lemun tsamin tsakar gidanmu a Mandawari
ya girmi famfon unguwa da shekara biyu.
Bana ganyensa na ƙasa ya koma ruwan ɗorawa,
jijiyoyin kaɗai suka rage kore shar,
kamar lungunanmu in an zana su a tsohuwar takarda.

Na ce ƙishi ne, na ƙara masa bokiti.
Na ce baki ne, na daina nuna shi ga baƙi.
Tokar murhu kuwa kullum Hansatu na juye masa a gindi,
don mun taso mun ji ana cewa toka taki ce.

Ran Asabar Barira ta zo,
jikata mai karatun noma a Bayero.
Ta tsinki ganye, ta ɗaga shi ga rana
yadda nake ɗaga ɗari biyar in na yi shakkarta.
Ta ce, "Kaka, yunwa ce.
Maganiziyam yake nema."
Sau uku harshena na tuntuɓe a kan sunan,
tana dariya, tana tona gindin da tsinke.

Ta ce saiwa ba ta da baki, gashi gare ta,
siriri, wanda idona ba zai kama ba ko da tabarau.
Shi ke ratsa tsakanin yashi da yumɓu yana lalube.
Yumɓu kuwa marowaci ne,
ya damƙe abin a hannu, ba ya bayarwa don Allah.
Sai saiwa ta miƙa ɗigon tsaminta,
ya karɓa, ya saki,
ruwa ya yi dako har bakin ƙofa.

Na ce tsaya.
Shekara arba'in ina awo a Kasuwar Rimi,
ashe ƙarƙashin tabarmata ma ciniki ake yi,
ba mudu, ba dillali, ba rantsuwa,
ba wanda ya taɓa cewa albarka.

Ta ce ƙofar ƙarama ce,
tokarku kuma ta tara mata wasu baƙin,
sun cika hanya kamar Kwari ana jajibirin salla,
mai kayan da ake jira yana can baya, ya rasa wurin sa ƙafa.
Abin da ya rage, ruwan Agusta ya wanke shi ya yi ƙasa,
bokitina kuma ya taya shi.
Hansatu ta ajiye kaskon toka a hankali, ta shige ɗaki.

Na ce to, me ya sa tsofaffin ganye ke fara ɗashewa,
na sama suna ta sheƙi?
Ta ce koren ganye duk a kan ƙwayar nan yake zaune,
ɗaya tal a tsakiya, kamar dutsen zobe.
In ta yi ƙaranci, bishiya kan kwance ta daga tsoho
ta aika wa toho.

Ban ce komai ba.
Na dubi bayan hannuna, jijiya duk a waje.
Har yau ba ta san inda rumfata ta tafi ba
shekarar da sunanta ya fito.

Washegari ta kawo wani gishiri daga Sabon Gari,
fari, mai ɗaci, na lasa na tofar.
Cokali ɗaya a bokiti, ta ce, kada in yi halin nawa in ƙara gyara.

Yau sati shida.
Na ƙasan ba su dawo ba, Hansatu na share su da safe.
Na saman sun yi duhun kore, har fure ya leƙo.
Bayan isha'i nakan jawo tabarma kusa da gindin
in zauna shiru,
kamar wanda ya zo kasuwa ba saye ba sayarwa,
don dai ya san tana ci.